Alfadaran Kawu Barau

Jiya bayan la'asar ina jin ku a ƙofar masallaci, wani cikinku yana cewa wai haɗa alfadari ai ba sana'a ba ce, a kawo jaki, a kawo goɗiya, a koma inuwa a zauna. Ban tanka ba don a lokacin ina lazimi. Yau tunda kun zo da kanku, ku gyara zama. Ni Haruna na shiga wannan aiki tun gemu bai fito mini ba, a nan Gazara, a hannun ƙanen mahaifiyata, Kawu Barau, kuma ina tsaye a cikin bargarsa sana'ar ta mutu.

Jakin da kuke gani yana dakon itace ba zai kalli goɗiya ba. In ma ya kalla, hauri ɗaya ya ishe shi ya haƙura har abada. Jakin haɗi yin sa ake yi tun yana jariri. Aikin farko da Kawu ya sa ni ke nan. Wata goɗiyarmu ta haihu ɗan bai zo da rai ba, sai Kawu ya tafi Saulawa ya sayo ɗan jaki baƙi wanda ko cibiyarsa ba ta bushe ba, ya ɗauko shi a kafaɗa. Muka feɗe mataccen duƙushin, muka ɗaura wa ɗan jakin fatar a baya, muka shafe shi da fitsarin goɗiyar. Aka rufe mata ido da tsumma, ni na ɗage ƙafarta ta gaba na riƙe don kada ta samu damar hauri, Kawu ya tura bakinsa ƙarƙashin cikinta. Haka muka yi ta yi safe da rana da yamma, fatar nan tana wari, ƙuda na bin mu, har ran da ta juyo da kanta ta lashe shi. Muka sa masa suna Duna. Daga nan doka ɗaya ce: kada ya ga jaka. In fatake suka biyo ta hanyarmu da jakuna, a guje nake zuwa in shigar da shi ɗaki. Ya tashi cikin dawaki, yana cin abin da suke ci, bai san shi jaki ba ne.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne in ka raina shi sai ya kai ka ƙasa. Akwai ragama, akwai dabaibayi na igiyar rama da muke tufkawa da kanmu don na kasuwa yana tsinkewa, akwai tsumman rufe ido, akwai kanwa da dusa da harawa. Sai ramin da muka haƙa a bayan barga, mai gangare, inda goɗiya ke tsayawa da ƙafafun baya don tsawonta ya yi daidai da na jaki. Sai kuma ido, wanda ba a sayarwa. Dole ka san ranar da goɗiya take neman namiji da gaske, ba ranar da ka ga dama ba. Wata rana na gaya wa Kawu wata jar goɗiya ta shirya. Ya dube ta ya ce, "Haruna, dubi kunnenta. Wannan faɗa take nema." Ni dai na nace, ya ce to mu gwada. Dabaibayin ne ya ceci Duna. Ni kuwa gwiwar nan da kuke gani ina ja, tun ranar ce.

In an dace ciki ya shiga, sai jira, wajen shekara guda. In ta haihu, sai wani jiran, don ba a ɗora wa alfadari kaya sai ƙashinsa ya yi ƙwari, kuma ba a horar da shi da bulala. Doki ka doke shi yau, gobe ya manta. Alfadari yana ajiyewa, sai ran da ka sunkuya kana gyara masa akumari ya biya ka. Da lallashi ake bi da shi, a fara ɗora masa buhun da ba komai a ciki, a ƙara ƙaiƙayi, a ƙara dawa kaɗan kaɗan. Kafin mai saye ya kama ragama, mun ciyar da dabbar nan damina huɗu.

Masu sayenmu iri biyu ne. Akwai masu dakon gyaɗa da auduga zuwa tashar jirgin ƙasa, waɗanda suka gane alfadari ɗaya yana ɗaukar na jaki biyu kuma ba ya gajiya da wuri. Sai masu injin matse rake na fadamun Makarfi da Kudan, masu yin mazarƙwaila. Injin nan dabba ce ke juya shi, ana ɗaura ta a jikin doguwar sanda tana zagayawa tun safe. Doki yana yi, amma yana ramewa, ga tsadar abinci. Babban mai sayenmu shi ne Alhaji Ɗan'azumi na Taba. Duk zuwan da zai yi, sai ya tsaya a gaban wata alfadara da Kawu ya ƙi sayarwa, 'Yar Baƙa, 'yar fari ta Duna, mai faɗin ƙirji da sanyin hali.

"Malam Barau, yau dai da ita zan koma."

"Alhaji, a yi haƙuri. Ita ke koya wa ƙananan tafiya. In na ba ka ita, wa zai riƙe mini su?"

Gaskiya ya faɗa. In za a fitar da sabon alfadari hanya, a gefenta ake ɗaura shi, ya ga ba ta tsoron gada, ba ta tsoron mota, shi ma ya natsu.

Sana'ar tana da rauni guda, kuma kowa a cikinta ya san shi. Alfadari ba ya haihuwa. Mai shanu in ya sayar da bijimi, karsana tana nan za ta ba shi wani. Mu duk abin da muka haifar, a kansa zuriyar ta tsaya. Uwa ba ta fitowa daga cikin kayanmu. Don haka lokaci lokaci Kawu kan ɗauki goɗiyar da ta fi kyau ya kai ta Ikara wajen wani mai ingarman doki, don a samu duƙusa mace tsantsar doki, wadda za ta zama uwa nan gaba. 'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, goɗiyarmu Bidi ta haifo mana irin wannan duƙusar, farkon damina. A lokacin ni magidanci ne da 'ya'ya biyu, Kawu ya fara tsufa, yawancin aikin a hannuna yake. Goɗiyoyinmu bakwai.

Wannan daminar ruwa ya yi yawa, fadama ta cika ta tumbatsa har bayan barga. Wajen ƙarshenta muka fara jin labarin dawaki na mutuwa a wajen Kudan. Wata safiya na je ba da dusa, na tarar ja ɗin nan da ta taɓa haurina ta ƙi ci, ta sunkuyar da kai, ramin da ke saman idonta ya cike ya kumbura. Kafin azahar tana numfashi kamar ana zuga zugazugi. Da la'asar kumfa ta fito mata ta hanci, fara, mai yawa, ta faɗi. Kawu ya jiƙa saiwoyin da ya sani, muka ɗura wa sauran, muka kai sadaka gidan Liman. Ba a yi mako ba biyu suka bi ta.

Na hau keke na tafi Makarfi na kira malamin dabbobi, Malam Bitrus, mutumin kudancin Zariya, wanda bai daɗe da dawowa daga ƙarin karatu ba. Mutum ne mai ladabi, yakan tuɓe takalmi kafin ya gaida Kawu. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ce wasu 'yan ƙananan ƙwari ne masu tashi daga fadama suke ɗaukar ciwon daga wannan su kai wa wancan, kuma in ya riga ya kama, ba shi da magani a jakarsa ko a ta wani. Ya ce mu raba su da bakin ruwa, mu riƙa turara musu hayaƙi tun kafin rana ta faɗi. Ya ce jaki ba ya cika mutuwa da shi, alfadari ma yakan sha, doki ne ba ya sha.

Muka kwashe su zuwa tudu, muka yi ta ƙona ɗanyen ganye da kashin shanu har idanunmu suka yi ja. Bai hana ba. Muna haƙa rami muna rufewa. Bidi ce ta ƙarshe. Ta faɗi da hantsi, duƙusar tana zagaya ta tana tura baki a cikinta.

Muna cikin jan gawar Bidi sai muka ji ƙarar turke. 'Yar Baƙa ce ta tumɓuke shi, ta zo tana jan igiya, ta shiga tsakaninmu da duƙusar, ta tura ta gefe da wuya, ta tsaya a kanta. Daga ranar ba ta yarda kowa ya matso ba sai ni da Kawu. Ina dama kunun gero da nonon saniya ina ba duƙusar a ƙwarya, 'Yar Baƙa tana tsaye tana kallon hannuna. Duƙusar kuma ta riƙa kama mata nono tana tsotso, ita ko ta buɗe ƙafa ta tsaya mata. Bayan 'yan kwanaki Kawu ya sa hannu ya matsa, sai ga wani ruwa fari ya fito.

Tun da aka fara mutuwar nan ban ga fuskar Kawu ta saki ba sai ranar. Ya ce in koma in kira Malam Bitrus. Da ya zo, Kawu ya kai shi ya nuna masa, sannan suka zauna a zaure, ina gefe.

"Malam, ka gani da idonka. Wadda ta kawo nono ai za ta iya ɗaukar ciki. Tana neman namiji kamar kowace goɗiya, na sha gani. In na kai ta Ikara wajen ingarma fa?"

Malam Bitrus ya ce, "Baba, a ba ni wake da masara kaɗan."

Na shiga gida na ɗebo a faifai. Ya share ƙasa da tafin hannu. Ya ce a cikin jikin kowace dabba da kowane tsiro akwai wasu 'yan zarurruka ƙanana ƙwarai, sai da madubin asibiti ake ganinsu, su ke ɗauke da kamannin da ɗa ke gada. Rabi daga uwa, rabi daga uba. Ya jera wake talatin da biyu ya ce wannan rabon da goɗiya ke bayarwa ne. Ya jera masara talatin da ɗaya a ƙarƙashinsu ya ce wannan na jaki ne.

"In suka haɗu, Baba, suna iya gina jiki, har ya fi na iyayen ƙarfi. Ga 'Yar Baƙa nan shaida. Amma ran da jikin zai yi nasa iri, dole kowane zare ya nemi ɗan'uwansa su tsaya biyu biyu, sannan a raba daidai. To ka duba. Wake ba ɗan'uwan masara ba ne, ga kuma guda ɗaya ya yi saura. Rabon ba ya yiwuwa. Nono daban, wannan daban."

Kawu ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Duk abin da aka haɗa iri biyu haka yake ƙarewa?"

"A'a. A tsiro akan samu mafita." Ya ƙara jera wani layin wake a gefen na farko, ya ƙara wani layin masara. "Wani lokaci Allah kan ninka su gaba ɗaya. Ka ga yanzu kowane wake yana da wake, kowace masara tana da masara. Sai ya yi 'ya'ya, 'ya'yan su yi 'ya'ya, ya zama sabon iri mai zaman kansa. Gyaɗar da kuke nomawa haka asalinta yake, da audugar nan da ake kaiwa tashar jirgi, da alkama. Iri biyu ne suka haɗu tun zamanin da, aka ninka. Yanzu ma masu binciken noma suna da wani magani da suke ɗigawa a kan tohon tsiro ya ninka."

Kawu ya ɗago kai. "To a samo mini maganin. Ko nawa ne. In sayar da gonar fadama."

"Baba, da yana yi wa dabba, da ni zan je in roƙo maka. Tsiro yana jurewa. Dabba ba ta jurewa, cikin ma ba ya zama."

"Ba a taɓa jin alfadara ta haihu ba?"

"Akan ji labari, can ba a rasa ba. Amma ba abin da mutum zai jingina gidansa a kai ba ne. Ka riƙe duƙusar nan da kyau. Ita ce goɗiyarka."

Kawu ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin hanya. Da ya dawo ya tattara waken da masarar da kansa ya watsa wa kaji.

Muka koma kan duƙusar. Na yi mata rumfa da zana a tsakar gida, nesa da fadama, na lulluɓe ta da tsohon gidan sauro. 'Yar Baƙa ta ƙi zama a barga, dole muka faɗaɗa ƙofa ta shigo ita ma. Matata tana dama kunu, yarana suna kawo ɗanyen ganye na hayaƙi. Duƙusar ta fara cin ciyawa, ta fara tsalle, gashinta ya kwanta. Ruwa ya ɗauke, dawa ta fara nuna, labarin mutuwar dawaki ya fara raguwa. Kawu har ya fara lissafin shekarar da za a kai ta ramin haɗi. Ya ce Duna zai kai, jaki yana da tsawon rai.

Wata safiya na kawo wa duƙusar ƙwarya ta kau da kai. Na ɗaga gashin goshinta na duba saman idon, ramin ya cike ya kumbura. Na je na gaya wa Kawu yana alwalar walaha. Ya ƙarasa alwalarsa, ya zo ya zauna a kan turmi kusa da rumfar. Yini guda duƙusar ta yi tana fama. 'Yar Baƙa tana lasar wuyanta, in ta kwanta ta sa hanci ta tura ta ta tashi, har lokacin da turawar ba ta ƙara tashinta ba.

Ɗauke gawar ya fi komai wuya. Duk wanda ya matso sai 'Yar Baƙa ta juya masa baya ta kwantar da kunne. Ni da na yi shekaru ina ba ta abinci da hannuna, ta kai mini cizo a kafaɗa. Kawu ya ce a ƙyale ta. Muka bar su har washegari, sannan ya je shi kaɗai yana yi mata magana a hankali, ya rufe mata ido da rawaninsa, ya riƙe kanta a ƙirjinsa, mu kuma muka ja duƙusar muka fita da ita ta bayan gida. Da ya buɗe mata ido ta shinshina wurin, ta zagaya rumfar, ta fita ta zagaya barga turke bayan turke. Kukan alfadari ba na doki ba ne ba na jaki ba, yana farawa da haniniya ya ƙare da shesheƙa. Unguwar nan duka ta ji shi kwana da kwanaki.

Kuna iya cewa me ya hana mu sayo wasu goɗiyoyin. A wannan shekarar duk ƙasar nan wanda tasa ta tsira ba zai sayar ba, wadda aka kawo daga arewa kuma kuɗinta ya fi ƙarfinmu. In ma mun saya, sai mun ciyar shekara huɗu kafin mu ga kwabo, ga motocin dako sun fara shigowa har ƙauyuka suna kwasar gyaɗa. Na ce wa Kawu ko mu koma kiwon jakuna, tunda muna da Duna. Muka aro jaka aka kawo masa. Ya dube ta, ya kore ta da cizo, ya koma ya tsaya yana kallon turakan da ba kowa. Muka sake gwadawa da wata, haka. Ƙarshe wani mai dakon tukwane ya saye shi, jakin da ba a taɓa ɗora wa ko buhu ba.

Ƙananan alfadaran da suka tsira muka ƙarasa horonsu muka sayar ɗaya bayan ɗaya, muna ci. Bayan na ƙarshensu ya tafi, da rani ya yi, lokacin matsar rake, Kawu ya kira ni ya miƙo mini ragamar 'Yar Baƙa.

"Kai ta Taba wajen Alhaji. Ka ce na ce ga ta."

"Kawu, ko mu bar ta? Ba ta da wani ci mai yawa."

"Ba sauran ƙananan da za ta koya wa tafiya. Zama a nan yana cin ta. Kai ta inda za ta gaji ta yi barci."

Na ja ta a ƙasa har Taba, ban hau ba. Alhaji Ɗan'azumi da ya gan mu bai yi murna ba, don ya ji abin da ya faru. Ya tambayi lafiyar Kawu, ya tambayi gida, ya karɓi ragamar da hannu biyu. Kawu bai sake taka barga ba. Ya koma noman 'yar gonarsa, bayan shekara biyu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ni kuma na koma sarar rake a fadamun mutane, a nan na tsufa.

Saran raken yakan kai ni Taba, don haka na ci gaba da ganinta. Ta yi shekaru masu yawa tana juya injin Alhaji, ba ta taɓa yi musu gardama ba sai a abu ɗaya. Hanyar kasuwa ta bi ta gefen wurin. Bayan dawaki sun fara dawowa ƙasar, duk ranar da wani ya wuce da goɗiya da ɗanta a baya, sai 'Yar Baƙa ta tsaya cak a tsakiyar zagaye, ta miƙe kunnuwa, ta bi su da kallo. Injin ya tsaya, ruwan rake ya daina zuba. Wani sabon ma'aikaci ya taɓa ɗaga mata bulala ina wurin, Alhaji ya riƙe hannunsa ya ce, "Bar ta. Ba ta daɗewa." Mai tura rake ya ajiye raken, masu dahuwa suka rage wuta, muka tsaya duka muna jira har goɗiyar da ɗanta suka sha kwana. Sannan ta sauke kai ta ci gaba da zagayawa.